Toro ne ko mace? Renon 'ya'yan agwagwa a Ibohamane

A layin masu kaji ranar kasuwa, mai sayen 'ya'yan agwagwa ba ta tashi daga gaban kwando sai ta yi tambayar nan: "Malam, wanne ne toro, wacce ce mace?" Mai kaya zai ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya dubi baki, ya dubi ƙafa, ya ce, "Wannan mace ce, Inna, ba ko tantama." Idan ɗan agwagwar bai wuce mako biyu ba, kuma ba ƙarƙashin wutsiya aka duba ba, amsar nan cinta ce kawai. Sai bayan wata biyu ko uku Inna za ta gane cewa huɗun da ta saya da niyyar samun ƙwai, uku toraye ne.

Ba lallai ba ne mai kayan ya yi niyyar cuta. Alamomin da mutane suke ji ana faɗa, wai toro yana da gashi mai lanƙwasa a saman wutsiya, wai mace ce mai kwakwazo, duk gaskiya ne, amma a kan wata agwagwa daban, ba wadda ke yawo a tsakar gidajenmu ba. Duk wanda zai yi kiwon nan ya kamata ya fara da sanin tsuntsuwar da ke hannunsa.

Agwagwar gida da aka sani a Adar da Gobir da sauran ƙasar Hausa, mai jan fata gudaji-gudaji a fuska, mai tafiya tana kaɗa wutsiya, ita ce wadda Turawa ke kira Muscovy, masana kuma suke kira Cairina moschata. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Mutanen can sun mai da ita ta gida tun kafin zuwan Turawa, sannan jiragen ruwan 'yan Fotugal da Sifaniya suka yaɗa ta zuwa wasu nahiyoyi bayan shekarar 1500. Sauran agwagin kiwo na duniya, irin su Pekin fara ta ƙasar Sin da Khaki Campbell ta Ingila, duk daga wata agwagwar daji guda suka fito, kuma halinsu daban ne. Tamu tsuntsuwar itace ce tun asali. Shi ya sa take da farata masu kaifi, take son hawa katanga da rumbu, kuma tana iya rayuwa da haihuwa ba tare da ta taɓa ganin tabki ba.

Wannan halin ne ya sa ta dace da wuri irin Ibohamane. Ƙasar Keita, inda Ibohamane take, ƙasar dutse ce da kwari, damina gajera, ruwan sama a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba. Akwai madatsar ruwa a Ibohamane da filin noman ban-ruwa a ƙasanta, kuma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya bar shingayen dutse da ƙananan madatsai da dama a yankin, mafi yawan aikin ma mata ne suka yi shi. Duk da haka, a gidaje da yawa ruwan da ke cikin randa ruwa ne da aka ɗauko a ka ko a bayan jaki. Ba wanda zai cika wa tsuntsu kwatarniya don ya yi iyo. To, ba a bukatar hakan. Abin da agwagwar nan take nema shi ne ruwan da za ta tsoma kanta har idanu, ta wanke hanci, ta haɗiye abinci. A makonnin farko ma, yawan ruwa shi ne babban abin da ke kashe 'ya'yan.

Kafin mu kai can, sai an ƙyanƙyashe. Mace takan fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7, ta tara kamar 10 zuwa 15 a gurbin da ta zaɓa, galibi ƙarƙashin rumbu ko lungun da babu hayaniya, ta fige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa. Kwancinta kwana 35 ne. Na kaza 21, na sauran agwagi 28. Mutane da yawa suna yin asara a nan: su ga wata guda ya cika ba motsi, su ce ƙwan ya zama bara-gurbi, su kwashe su zubar, alhali saura kwana biyar. Idan ana son tabbaci, tun daga kwana na 10 a ɗauki ƙwai da dare, a shiga ɗaki mai duhu, a manna tocila a gefensa mai faɗi. Mai rai za a ga jijiyoyi jajaye sun bazu daga wani ɗigo mai duhu. Wanda ba komai za a gan shi fayau. A cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.

Ƙwan agwagwa yana son laima fiye da na kaza. Uwar kan tashi sau ɗaya a yini, ta rufe ƙwan da gashi, ta ci, ta jiƙa jikinta, ta komo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska ta bushe ƙayau, fatar cikin ƙwai kan taurare har ɗan ya kasa fasa ta. Maganin abin mai sauƙi ne. Gurbi ya kasance a ƙasa, cikin inuwa, ba ƙarƙashin kwano ba. A riƙa yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da shi, a kuma ajiye wa uwar kaskon ruwa kusa. In an ga ɗan ya huda ɓawo, a bar shi. Yakan ɗauki yini guda, wani lokaci har biyu, kafin ya fito, domin a wannan tsakanin yake shanye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa. Mai tausayin da ya ɓare masa ɓawon da wuri yakan tsinka jijiya, ɗan ya zubar da jini ya mutu.

Kowa ya san ɗan agwagwa ba a koya masa iyo, kuma wannan sanin shi ke jawo sakaci. Gashin da aka ƙyanƙyashe shi da shi lallausa ne, yana shan ruwa. Gashin gaske mai tare ruwa, wanda agwagwa ke shafe shi da man da take lakatowa daga wani ƙullutu a saman wutsiyarta, ba ya kammala fitowa sai wajen mako 10 zuwa 12. Idan yana tare da uwarsa, ita ta san lokacin da za ta fito da su ta rufe su da fuka-fukai. Wanda kaza ta ƙyanƙyashe, ko wanda aka sayo a kasuwa ba uwa, ba shi da wannan kariyar. Ya faɗa bokiti ko robar wanki ko komin shayar da awaki, zai yi iyo na ɗan lokaci cikin jin daɗi, sannan ya jiƙe, ya yi nauyi, ya kasa hawa gefen mai santsi. Ko an tsamo shi da rai, sanyi kan ƙarasa shi. Don haka a makonni huɗu na farko a ba su ruwa a kasko marar zurfi, a jera duwatsu a ciki yadda baki zai shiga amma jiki ba zai shiga ba. Ko a huda gwangwanin tumatir kusa da bakinsa, a cika shi, a kife a faranti, ruwan ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Bokitai da kwatarniya a rufe su ko a kife su.

Ɗumi shi ne na biyu. A makon farko suna son zafin da ya kai digiri 30 zuwa 32, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Ba sai da ma'auni ba, su da kansu za su faɗa. In suka cure wuri guda suna hawa kan juna suna kuka mai tsini, sanyi ne. In suka watsu gefe-gefe baki buɗe suna haki, zafi ya yi yawa. Da bazara inuwa kawai suke bukata. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, daren Adar yana iya kashe kwando guda kafin asuba. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma tana wadatar da 'yan kaɗan. Mai amfani da tukunyar garwashi ya bar wa hayaƙi hanyar fita. A shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a sauya da zarar ta jiƙe. Kada a sa su a kan leda ko siminti mai santsi, domin ƙafafu kan zame su ware, ɗan ya tashi gurgu.

Ku tsaya ku kalli ɗan agwagwa yana cin abinci. Zai cika baki, ya ruga wajen ruwa, ya tsoma, ya karkaɗa kai, ya rugo ya sake cikawa. Ba wasa yake ba, haka yake haɗiya. Busasshiyar dusa ba ruwa a kusa tana iya shaƙe shi. A jiƙa abincin ya yi danshi, a zuba daidai abin da za su cinye a zama ɗaya, don wanda ya kwana a zafi yana tsami. Dusar gero ko ta dawa ita kaɗai ba ta gina jiki. A makonni uku na farko suna bukatar abincin da kashi 20 cikin 100 nasa mai gina jiki ne, kuma hatsi da ƙyar yake kai rabin haka. Cikon yana zuwa daga gara, fara, garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai a kwanakin farko, garin wake da aka soya ko aka dafa, da ƙuli-ƙuli da aka daka. A ƙara yankakken ganyen zogale ko ragowar salak da kabeji daga lambu, in ba a yi musu feshi ba. Akwai wani sinadari mai suna niyasin da ɗan agwagwa ke bukata fiye da ɗan tsako. In ya yi ƙaranci, wajen mako na biyu ko na uku za a ga ƙafafu sun gwame, gwiwa ta kumbura, ɗan yana tafiya kaɗan ya zauna. Wanda aka rene shi da masara zalla ya fi faɗawa wannan. Gyaɗa da kifi da ƙwari suna da shi.

Sai dai ƙuli-ƙuli yana da sharaɗi, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili, har aka gano cewa garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil ne ya yi funfuna. A daidai lokacin 'ya'yan agwagwa suka yi ta mutuwa a Kenya da Uganda saboda abu ɗaya. Daga nan aka gano dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta. Bincike ya nuna cewa cikin tsuntsayen gida babu wanda dafin nan ke saurin kashewa kamar ɗan agwagwa, har ta kai masu gwaji suna amfani da ɗan kwana ɗaya don su gane ko abinci yana da shi. Mu kuwa al'adarmu ita ce hatsin da ya ji ruwa a gindin rumbu, da gyaɗar da ta yi baƙi, da ƙuli-ƙulin da ya fara ɗaci, a ce a zuba wa tsuntsaye. Babbar kaza tana iya ɗauka. Ɗan agwagwa zai daina ci, ya yi laushi, ya mutu yana miƙe ƙafa da wuya baya, mai gida ya ce iska ce. Dafawa ba ta kashe wannan dafi. Abin da mutum ba zai ba ɗansa ba, kada ya ba su. Haka ma ragowar miya mai gishiri da yawa.

Shirwa da hankaka da muzuru da gafiya kowa ya san aikinsu. Akurki ko babban kwando da aka kife, a riƙa matsar da shi zuwa busasshen wuri, ya isa na wata guda. Shi ma toro a raba shi da su, don yakan tattake su, wani ma ya sare su.

Yanzu mu koma kan bambance toro da mace. Siffar ƙwai ba ta nuna komai. Dogo da mulmulalle duk ɗaya ne. Launin gashin ɗan ma haka. A tsuntsaye, ƙwayar halittar da ke yanke hukuncin jinsi daga uwa take fitowa, saɓanin mutane, kuma rabon kusan rabi da rabi ne. Cikin 'ya'ya 12 a sa ran wajen 6 toraye ne, ko da wane irin toro aka yi barbara.

Hanya ɗaya ce take ba da amsa tun ranar farko, ita ce duba dubura. Agwagwa na cikin tsuntsaye ƙalilan da namijinsu ke da mazakuta, tana naɗe a ciki. Ana riƙe ɗan a tafin hannu, ciki sama, kai yana kallon mai riƙon. A tanƙwara wutsiya baya a hankali da yatsa manuni, a ɗora manyan yatsu biyu a gefe-gefen duburar, a ɗan danna ƙasa a buɗa. In namiji ne, wani ɗan tsiro fari-fari ko ruwan hoda zai leƙo, kamar kan zaren ɗinki, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. In mace ce, sai a ga fata mai ninki kawai. Ana bukatar hasken rana da hannu mai tsabta, kuma abin bai kamata ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin buɗawa sosai, sai a ɗauki namiji a matsayin mace. Wanda ya fi muni shi ne matsawa da ƙarfi, a ji wa ɗan ciwon da ba ya warkewa. Ra'ayina shi ne wanda bai taɓa ganin gwani ya yi a gabansa ba ya bar wannan hanyar, ko ya nemi ma'aikacin dabbobi ya nuna masa a kan 'yan mako uku, lokacin da jiki ya yi ƙwari. Mai 'ya'ya goma a tsakar gida ba abin da zai rasa in ya jira.

Jiran ba mai tsawo ba ne, domin a agwagwar nan toro kusan ninkin mace ne. A kiwon sake babban toro kan kai kilo 3 zuwa 4, mace tana wajen 2. A gonakin Faransa, inda ake kiwonta da yawa don nama, toro yana wuce kilo 4 a mako 12. Tazarar tana fara bayyana daga mako na 3 zuwa na 4, kuma a mako na 6 zuwa na 8 ko yaro zai gane. Sharaɗin shi ne a gwada 'yan kwanci ɗaya da suka ci abinci ɗaya. 'Yan kwando daban-daban da aka haɗa a kasuwa suna ruɗarwa. A fara duba ƙafa. Toro yana da ƙauri mai kauri da tafin ƙafa mai faɗi, wanda ya yi wa jikinsa yawa, yana tafiya a wawware. Jikinsa dogo ne, ƙirji a faɗaɗe, kai babba, baki mai faɗi. Mace gajera ce, a dunƙule, ƙafafunta kusa da juna, ta fi saurin motsi.

Gashi yana ba da shaida ta biyu, kuma wannan ce take ruɗar da sababbin masu kiwo. Mace ce ke riga yin gashi. A wajen mako na 6 zuwa na 8 za a ga ƙaramar ta fara fitar da gashin fiffike ta yi kyan gani, babban kuwa har yanzu yana da sauran lallausan gashi a baya, fiffikensa guntu. Wasu sai su ɗauka babban ne ba shi da lafiya. Lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne ya tafi wajen gina ƙashi da tsoka. Jan fatar fuska tana zuwa daga baya, wajen wata 3 zuwa 4. Ta toro tana riga fitowa, ta yi kauri, ta yi ƙullutu a gindin baki, ta mace kuma siririya ce kewaye da ido. Murya ita ce ta ƙarshe. Toro yana rasa kukan yarinta ya koma huci, yana miƙa wuya gaba da baya, yana tayar da gashin ka. Mace tana da 'yar siririyar murya mai taushi, ba ta ɗaga ta sai in an tsorata ta ko tana kwanci. Gashi mai lanƙwasa a wutsiya kuwa, toron agwagwarmu ba ya yin sa har ya tsufa.

Wannan alamar ta agwagin waje ce, waɗanda ake samu jefi-jefi daga gonakin Najeriya. A wurinsu girman toro da mace kusan ɗaya ne, don haka kunne ya fi ido amfani: daga mako na 6 zuwa na 8 mace tana kwakwazo da ƙarfi, namiji muryarsa a dishe, lanƙwasar wutsiya kuma ta biyo baya wajen wata 3 zuwa 4. In aka haɗa irin nan da tamu za a sami 'ya'ya masu saurin girma da nama mai kyau, amma ba sa haihuwa. Wanda ya ajiye su don iri zai yi ta jira a banza.

Me ya sa duk wannan wahalar? Saboda toro ɗaya ya ishi mata 4 zuwa 6, kuma kowane toro yana cin kusan abincin mata biyu. A gidan da ake auna dusa da tiya, toraye biyar da aka riƙe har tsakiyar rani asara ce. Suna faɗa da juna, suna fige wuyan matan da yawan barbara har su hana su kwanci, wani lokaci su koma kan kaji. Wanda ya gane su tun suna wata biyu yana iya ware su, ya ƙara musu abinci na 'yan makonni, ya sayar ko ya yanka suna wata 3 zuwa 4, lokacin da naman ke da taushi kuma girman ya fara tsayawa. Masu ƙyamar naman agwagwa saboda tana bin kwata suna da hujja, kuma tsarewar nan a kan tsabtataccen abinci kafin yanka ita ce amsarta. Matan kuwa, da zarar gashin fiffike ya cika suna tashi sama sosai, su haye katanga su tafi. A yanke dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi, ba tare da an kai ga tsoka ba, a maimaita in sabo ya fito.

Agwagwa tana da juriya, kuma juriyar tana da haɗarinta. Annobar da ke share kaji da hunturu ba ta cika kayar da ita ba, amma tana iya ɗaukar cutar ta raba wa kaji, don haka rigakafin kaji ba ya faɗuwa don an ga agwagi lafiya. Murar tsuntsaye ta fi wannan tsanani. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma kafin watan ya ƙare aka same shi a Nijar, cikin agwagin gida a Magariya. Madatsai da tabkunan jihar Tahoua suna karɓar tsuntsayen ruwa na daji, har da masu zuwa daga Turai da sanyi, saboda haka barin agwagin gida su yini a bakin madatsa su dawo su sha kasko ɗaya da kaji ba dabara ba ce. Ruwan da ya kwanta da mushe a ciki kuma yana haifar da wani dafi da ke sa wuyan agwagwa ya saki, ta kasa ɗaga kai. Sabuwar tsuntsuwa daga kasuwa a ware ta mako biyu. In aka ga mutuwa ta zo da yawa lokaci guda, kada a yanka a ci, kada a kai saura kasuwa, a sanar da ma'aikatan dabbobi na gunduma.

Toron da za a bari don iri a zaɓe shi tun yana wata uku: wanda ya fi 'yan'uwansa girma, mai miƙaƙƙun ƙafafu, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Sai dai kada a bar shi a kan uwarsa da 'yan'uwansa shekara da shekaru, domin ƙyanƙyasa tana raguwa, 'ya'yan suna fitowa raunana. Kowace shekara ko biyu a yi musaya da wani gida, in da hali daga wani gari, ko da daga Keita ko Bouza ne, a kuma tsare baƙon mako biyu kafin a sake shi cikin matan.